Yadda Za Ka Karanci Kalkulas da Jomitirin Kodinet a Shekarar Farko ta Jami'a

Takardar tes ɗina ta farko a kalkulas ta dawo da jan biro a wuri ɗaya tak, amma wurin nan ɗaya ya cinye makin tambayar kaf. Malamin ya zagaye layi na biyu, inda na rubuta (x + h)² = x² + h², bai ƙara ko kalma ba. Duk abin da na jera daga nan zuwa ƙasan shafi gini ne a kan toka. Abin haushin, na gane darasin, na san me ake nema, har abokina na yi wa bayani kafin mu shiga aji. Abin da ya kayar da ni aikin sakandare ne, ba na jami'a ba.

Daga baya na zauna da ɗalibai da dama da suka zo bayana ina taya su aiki, na ga ashe ciwon na kowa ne. Sababbin ra'ayoyin da ke cikin kalkulas na shekarar farko ba su da yawa, za ka iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Nauyin kwas ɗin yana kan aljabrar da ake ɗauka ka riga ka iya, da kuma yadda ake karanta shi, domin darasi ne na hannu, ba na ido ba. Ga yadda zan bi da shi da ni ne zan sake farawa.

Fara da gyara aljabrarka, tun kafin lakca ta yi nisa

Ware makonni biyu na farko, ko hutun da ke gabanin zangon karatu, ka gwada kanka da gaske. Rufe littafi, ka ɗauki farar takarda. Buɗe (a + b)² da (a + b)³. Mayar da x² − 9 zuwa (x − 3)(x + 3). Haɗa 1/x da 1/(x + 1) su zama abu ɗaya. Rubuta √x a matsayin x mai fawa (ƙaramar lambar da ake ɗorawa a saman x) 1/2, ka rubuta 1/x² a matsayin x mai fawa −2. Warware x² − 5x + 6 = 0 ta hanya biyu. Duk wanda ka tsaya kana sosa ƙeya a kansa, ka samo aikinka na makon.

Akwai dabarar da za ta cece ka har ƙarshen karatunka: idan kana shakkar wata ƙa'ida, jarraba ta da lambobi. Shin (a + b)² daidai yake da a² + b²? Sa 3 da 4. Na farko ya ba ka 49, na biyu 25. Magana ta ƙare. Shin √(9 + 16) zai zama 3 + 4? A'a, √25 dai 5 ne, ba 7 ba. Daƙiƙa goma wannan gwajin yake ci. Da na yi shi a wancan tes ɗin da ban ga jan biro ba.

Kalmar aljabra kanta daga Larabci ta fito, daga "al-jabr" da Alkawarizmi ya yi amfani da ita a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma cikin ma'anoninta akwai ɗora abin da ya karye. To ka ɗora naka karayar tun da wuri.

Sai tirigonomitiri. Ka san sin, cos da tan na 0, 30, 45, 60 da 90 ba tare da ka taɓa kalkuleta ba, ka riƙe sin²x + cos²x = 1. Sannan ka saba da radiyan, domin da shi kalkulas yake magana: digiri 180 shi ne π radiyan. Yau ɗin nan ka duba fuskar kalkuletarka, idan ƙaramin harafin D (digiri) ne a sama ka koyi mayar da shi R (radiyan). Na taɓa ganin ɗalibi ya ɓata kusan rabin awa yana neman kuskure a aikin da ba shi da kuskure ko ɗaya, na'urarsa ce kawai take kan digiri.

Jomitirin kodinet: koya wa idonka ganin ikweshan

Yawancin kwasa-kwasai da wannan suke buɗewa, ɗalibai kuma su raina shi saboda ya yi kama da abin da suka sani. Kada ka raina shi. Shi ne idon da za ka ga sauran darasin da shi.

Tunanin guda ne, kuma a 1637 Bafaranshen nan Rene Dekart ya wallafa shi, yayin da ɗan ƙasarsu Fama ya kai ga irinsa a kusan lokaci ɗaya. Ja layi biyu, ɗaya a kwance wato x, ɗaya a tsaye wato y. Kowane ɗigo a takardar ya sami adireshi na lambobi biyu. Daga nan kowace siffa tana da ikweshan, kowane ikweshan yana da siffa, kana iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan duk lokacin da ɗayan ya cije.

Fara da miƙaƙƙen layi, ka daɗe a kansa. Ɗauki ɗigo (1, 2) da (4, 11). Daga na farko zuwa na biyu ka matsa gaba taku 3, ka hau sama taku 9. Raba hawa da matsawa, 9 a raba 3, ka sami 3. Wannan ita ce karkatar layin, abin da malamai ke kira giradiyan: duk taku ɗaya da ka yi gaba, layin ya hau taku 3. Ikweshan ɗinsa y − 2 = 3(x − 1), wato y = 3x − 1. Duba da ɗigo na biyu: 3 sau 4 a ɗebe 1, 11 ke nan. Ya zauna. Ka riƙe wannan "hawa a raba da matsawa" gam, saboda rabin kalkulas shi ne wannan ɗin a cikin sabuwar riga. Ka kuma san cewa layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa karkatarsu ɗaya ce, waɗanda suka gicciye juna a kusurwar digiri 90 kuwa, idan ka ninka karkatarsu −1 za ka samu.

Da'ira tana zuwa ne a ɓoye. Za a ba ka x² + y² − 6x + 4y − 12 = 0 a ce nemo tsakiyarta. Tara masu x waje guda, masu y waje guda, ka cike sukwaya. Rabin 6 shi ne 3, sukwayarsa 9. Rabin 4 shi ne 2, sukwayarsa 4. Ƙara 9 da 4 a ɓangarorin biyu, sai ka ga (x − 3)² + (y + 2)² = 25. Tsakiya tana (3, −2), daga tsakiya zuwa baki taku 5. Lura da alamar: y + 2 yana nufin −2. Nan mutane suke zamewa.

Farabola, elifs da haifabola kuwa, kada ka haddace fomulolinsu kafin ka ga me suke nufi. Elifs ka yi shi da hannunka sau ɗaya: kafa ƙusa biyu a kwali da tazarar santimita 8, ɗaura zare mai tsawon santimita 10 a tsakaninsu, ja zaren da bakin fensir ya miƙe, ka zagaya. Siffar da ta fito ita ce x²/25 + y²/9 = 1, ƙusoshin kuma suna kan 4 da −4 a layin x. Irin wannan hanyar ce Kefla ya nuna a 1609 cewa duniyar Mas take bi wajen kewaya rana. Farabola ita ce siffar farantin tauraron ɗan'adam, shi ya sa duk saƙon da ya sauka a kansa yake taruwa a ɗigo ɗaya. Wanda ya ja zaren nan da kansa ba zai sake rikita a da b na fomular elifs, x²/a² + y²/b² = 1, a jarrabawa ba.

Ɗabi'ar da nake so ka ɗauka daga wannan sashe ita ce: kowace tambaya, yi mata zane kafin ka fara lissafi, ko da zanen ya yi muni. Manhajoji irin su GeoGebra da Desmos suna zana garaf nan take, kuma suna da amfani ƙwarai, amma ka fara zana naka sannan ka buɗe su ka ga inda ka kauce. Idan ka juya tsarin, manhajar ce ta koya, ba kai ba.

Limit: inda ake dosa, ba inda aka tsaya ba

A nan ne aji yake yin tsit. Dubi (x² − 9)/(x − 3). Idan ka sa 3 a gurbin x, sama sifili, ƙasa sifili, babu amsa. Amma tambayar limit ba ta ce me ya faru a kan 3 ba, cewa ta yi ina abin yake dosa yayin da x yake matsowa kusa da 3. Ɗauki kalkuleta. Sa 2.9, ka sami 5.9. Sa 2.99, ka sami 5.99. Zo ta ɗaya gefen da 3.01, ka sami 6.01. Ta hagu da ta dama duk 6 suke nufa, limit ɗin 6 ne. Aljabra ta tabbatar: sama (x − 3)(x + 3) ne, x − 3 ya tafi da ɗan'uwansa na ƙasa, saura x + 3. Garaf ɗin miƙaƙƙen layi ne mai ɗan rami guda a tsakiya.

Saboda haka duk lokacin da ka ga sifili bisa sifili, kada ka rubuta sifili, kada kuma ka rubuta babu. Alama ce ta cewa da sauran aiki: ko dai ka warware zuwa baka-baka, ko ka ninka sama da ƙasa da abin da zai kawar da alamar rut, wato √.

Akwai limit guda da ya cancanci ka gwada shi da na'ura: sin x a raba da x, yayin da x yake dosar sifili. A radiyan, sin 0.1 kusan 0.0998 ne, ka raba da 0.1 ka ga yana leƙen 1. Mayar da na'urar kan digiri ka sake, amsar ta watse. Dalilin dagewa a kan radiyan ke nan.

Idan malaminku ya kawo ma'anar limit ta efsilon da delta ka ji kanka ya yi zafi, kwantar da hankalinka. Nuton ya ƙulla tunaninsa ne a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij ya koma gida, Laibniz kuma ya wallafa nasa a 1684. Dukansu sun yi aiki da kalkulas ba tare da wannan tsayayyar ma'ana ba, har Bishop Bakli ya caccaki tushen abin a 1734. Sai a ƙarni na 19 Koshi da Wayastiras suka daidaita zancen. Abin da ya ɗauki manyan masana fiye da shekara ɗari, ba abin kunya ba ne ya ɗauke ka wata guda. Ka ɗauke shi kamar cacar baki: wani ya ce maka "kusanto mini da amsar zuwa cikin wannan 'yar tazarar", kai kuma ka nuna masa iya kusancin da x zai yi don buƙatarsa ta biya, komai ƙanƙantar tazarar da ya yanka.

Diribatif, wanda shi ne zuciyar kwas ɗin

Saki dutse daga saman dogon gini. Idan aka kau da kai daga turjiyar iska, nisan da ya faɗo bayan daƙiƙa t kusan mita 4.9t² ne. Tambaya: da wane gudu yake tafiya daidai kan daƙiƙa ta 3? Gudu dai nisa ne a raba da lokaci, amma a ƙiftawa guda babu nisa babu lokaci. To sai mu yi wayo. A daƙiƙa 3 ya faɗo mita 44.1. A 3.1 ya faɗo 47.089. Bambancin 2.989 ne cikin 0.1 na daƙiƙa, wato gudun 29.89. Matse tazarar zuwa 3.01, ka sami 29.449. Matse zuwa 3.001, ka sami 29.4049. Kana ganin inda ake dosa: mita 29.4 a daƙiƙa. Wannan lambar ita ce diribatif. Hawa a raba da matsawa ne dai na ɗazu, sai dai an yi ta matso ɗigo biyun har suka kusa zama ɗaya. A garaf, karkatar layin da ya shafi lanƙwasar a wannan ɗigon ce, layin da ake kira tanjan.

Yanzu yi shi da haruffa, a kan x². Hawa shi ne (x + h)² − x², matsawa h. Buɗe bakan daidai, ba irin nawa ba: x² + 2xh + h² − x², saura 2xh + h². Raba da h, ka sami 2x + h. Bar h ya doshi sifili, saura 2x. Ka ga 2xh ɗin da na yar a tes ɗina, ashe a cikinsa amsar take kwance.

Yi wannan doguwar hanyar da hannunka aƙalla ga x², x³, 1/x da √x kafin ka karɓi gajerar. Bayan haka ƙa'idar fawa, wato sauko da lambar sama ta ninka sannan ka rage mata ɗaya, ba za ta zame maka tsafi ba, za ka san daga ina ta fito. Sai ka riƙe 'yan kaɗan da ka: sin x yana ba da cos x, cos x yana ba da −sin x, ln x yana ba da 1/x, shi kuwa e mai fawa x kansa yake mayarwa, wanda shi ne dalilin da lambar nan e, wato kusan 2.718, take da daraja haka.

Ƙa'idar ninki tana da tarko. Zuciya tana raya maka cewa diribatif na abu biyu da aka ninka shi ne ka fitar da na kowanne ka ninka su. Gwada da x² sau x³. Haɗe suke x⁵, diribatif 5x⁴. Hanyar zuciya ta ba ka 2x sau 3x², wato 6x³. Ba su yi ko kama ba. Daidai shi ne na farko sau diribatif na biyu, a tara da na biyu sau diribatif na farko: 3x⁴ da 2x⁴, 5x⁴ cif.

Wadda ta fi cin mutane ita ce ƙa'idar sarƙa, ta fankshin a cikin fankshin (fankshin shi ne lissafi irin x² ko sin x, wanda in ka sa masa lamba zai ba ka amsa). Ga (3x² + 1)⁵. Tambayi kanka: da lamba zan sa, mene ne aikin ƙarshe da zan yi? Ɗagawa zuwa fawa 5. Shi ne na waje, da shi za ka fara: 5(3x² + 1)⁴. Sannan ka ninka da diribatif na abin da ke ciki, 6x. Amsa 30x(3x² + 1)⁴. Mantuwa da 6x ɗin nan ita ce kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai. Maganinta yawan yi, har hannunka ya riƙa neman na cikin da kansa. Tambaya talatin a kan wannan ƙa'idar kaɗai ba ta yi yawa ba.

Ga wurin da jomitiri da kalkulas suke gaisawa, kuma ina son misalin nan ƙwarai. Da'ira x² + y² = 25, ɗigo (3, 4). Fitar da diribatif ɗin ɓangarorin biyu, kana tuna cewa y ya dogara da x, kuma dy/dx ake rubuta diribatif ɗinsa: 2x + 2y(dy/dx) = 0, don haka dy/dx = −x/y, wato −3/4. Yanzu ajiye kalkulas. Layin da ya taso daga tsakiya zuwa (3, 4) karkatarsa 4/3, tanjan kuma gicciye shi yake yi a kusurwar digiri 90, don haka tasa −3/4. Hanya biyu, amsa ɗaya. Duk inda ka sami damar duba aikinka ta hanya ta biyu irin haka, yi.

Wani abin lura a gurguje: ba ko'ina diribatif yake samuwa ba. Garaf ɗin |x|, wato girman x ba tare da alamar ɗebewa ba, yana da tsini a sifili, ta hagu karkata −1, ta dama 1, ba su yarda da juna ba, don haka babu diribatif a wurin duk da layin bai yanke ba. Malamai suna son wannan tambayar.

Tambayoyin zance

Su ne waɗanda ake ba ka labari a ce nemo mafi girma ko mafi ƙanƙanta. Wahalarsu ba a diribatif take ba, a mayar da zance zuwa ikweshan take. Misali: kwali mai santimita 12 kowane gefe, za a yanke ɗan murabba'i a kowace kusurwa a naɗe gefunan ya zama akwati marar murfi. Nawa za a yanke akwatin ya fi ɗaukar kaya?

Zana kwalin. Kira abin da za a yanke x. Gindin akwatin ya zama 12 − 2x kowane gefe, tsayinsa x, cikinsa V = x(12 − 2x)². Kafin ka ci gaba, rubuta iyakar x: tsakanin 0 da 6, in ya kai 6 kwalin ya ƙare. A ƙololuwar tudu ƙasa a kwance take, karkata sifili, don haka nemo inda diribatif ya zama sifili. Zai ba ka (12 − 2x)(12 − 6x) = 0, wato x = 6 ko x = 2. Shida ba akwati, saura 2, cikin akwatin santimita kubik 128. Gwada maƙwabta don ka natsu: x = 1 ya ba da 100, x = 3 ya ba da 108. Sannan ka koma ka sake karanta tambayar, ka ga x aka nema ko V, ka rubuta amsar da ma'auninta.

Intigiral

Tambaya ce ta daban a fuska: mene ne girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasa? Ɗauki y = x² daga 0 zuwa 3. Yanka filin zuwa ginshiƙai uku masu faɗin 1. Idan ka auna tsayinsu ta gefen hagu, jimla 5, ta gefen dama 14. Gaskiya tana tsakani. Mayar da su shida masu faɗin rabi, ka sami 6.875 da 11.375. Tazarar tana matsewa. Ci gaba da sirantar da su, duka biyun 9 suke dosa. Limit ne ya sake dawowa. Wannan limit ɗin shi ne intigiral. Alamarsa ∫ ma harafin S ne da Laibniz ya ja shi ya yi tsawo, daga kalmar Latin mai nufin jimla.

Abin mamakin, wanda shi ne babbar ƙa'idar kalkulas, ba ka buƙatar ginshiƙan. Nemo fankshin da diribatif ɗinsa x² ne, wato x³/3. Sa 3, ka sami 9. Sa 0, sifili. Ɗebe, 9. Neman karkata da neman fili ashe tafiya da dawowa ne a hanya ɗaya. Ka tsaya a kan wannan na yini guda, ya cancanta.

Amfanin hakan gare ka a aikace shi ne kowace amsar intigiral tana da abin duba ta: fitar da diribatif ɗinta, in ya mayar da kai tambayar, ka ci. Intigiral na 2x cos(x²), ka sa u = x², ka sami sin(x²) + C. Duba da ƙa'idar sarƙa, 2x cos(x²) ya dawo. Hattara da abu uku. Kada ka manta da + C, wato kowace tsayayyar lamba tunda diribatif ɗinta sifili ne, idan ba a ba da iyakoki irin 0 zuwa 3 ba. Ƙa'idar fawa ba ta aiki a kan 1/x, amsarsa ln|x| + C. Filin da ke ƙasan layin x kuma da alamar ɗebewa yake fitowa: intigiral na sin x daga 0 zuwa 2π sifili ne, alhali filin kansa 4 ne, biyu a sama biyu a ƙasa. Wanda ya yi zane zai gani, wanda bai yi ba zai rubuta sifili ya wuce.

Yadda makonka zai kasance

Kafin lakca, leƙa sashen da za a yi na minti goma sha biyar, ba don ka gane ba, don kalmomin su daina zama baƙi. A cikin aji kada ka zama injin kwafa. Abin da ke kan allo yawanci yana cikin littafi, abin da malami ya faɗa da baki tsakanin layi da layi shi ne babu, shi za ka kama. Inda ka ɓace, sa alamar tambaya a gefe ka bi shi gaba.

A ranar, kafin ka kwanta, rufe misalan da aka yi da tafin hannunka ka sake yin su. Nan za ka gane bambancin "na gane" da "na iya". Kallon malami yana warware tambaya kamar kallon mai tuƙa keke ne, ka ga komai sarai, sai ka hau ka sha ƙasa.

Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. Idan tambaya ta cije, ba ta minti goma sha biyar na kokawa ta gaskiya kafin ka leƙa amsa: yi zane, sa lambobi, gwada wadda ta fi ta sauƙi. In ka leƙa, layi ɗaya kawai za ka duba, ka rufe ka ci gaba da kanka, gobe kuma ka sake yin ta daga farko. Haka za ka yi da bidiyon intanet da manhajojin da ke warware lissafi. Suna da kyau ga wanda ya riga ya yi gumi, ga wanda bai yi ba kuwa ruɗi ne mai daɗi.

Ka buɗe shafi a bayan littafinka na kurakuranka kawai. Ba "na faɗi tambaya ta 4" za ka rubuta ba, rubuta ainihin abin: "na manta diribatif na ciki", "na ɓatar da alamar ɗebewa wajen buɗe baka". Bayan wata guda za ka ga abu uku ko huɗu ne suke ta maimaita kansu. Nawa alamar ɗebewa ce, har yau sai na bi ta da yatsa.

Karatun rukuni yana da amfani idan ba ku wuce uku ko huɗu ba, kuma kowa ya taɓa tambayoyin shi kaɗai kafin a haɗu. In ba haka ba mutum ɗaya ne yake aiki saura suna gyaɗa kai. Wajen malami ko mai totoriyal kuwa, mai tambaya ba ya ɓata, amma kada ka je da "ban gane komai ba". Je da takardarka ka ce, "Malam, na kawo nan, daga wannan layin ne na rasa hanya." Minti biyu sun isa a warware maka, kuma zai ga ka yi naka ƙoƙarin.

Jarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako uku, nemo tambayoyin shekarun baya, ka zauna da agogo, littafi a rufe, waya a nesa. Maki kanka ba sani ba sabo. Sashen da ka fi tsoro shi za ka fi ba lokaci, duk da rai ya fi son maimaita wanda ya iya. Daren jarrabawa ka karanta shafin kurakuranka, ka yi barci.

A zaure, karanta takardar duka tukuna, ka fara da tambayar da ka fi yarda da ita. Rubuta kowane mataki, domin a lissafi hanya ma tana da maki, kuma wanda ya yi tsalle daga tambaya zuwa amsa, in amsar ta kauce ya tashi a tutar babu. Ka riƙa rubuta "lim" a kowane layi har zuwa inda ka sa lambar. Tambayar da ta riƙe ka fiye da rabonta na lokaci, bar mata fili ka wuce, ka dawo daga baya. Ka ajiye minti goma na ƙarshe don bi ta kan aikinka: kalkuleta tana kan R, kowane intigiral marar iyakoki yana da C ɗinsa, kowace amsar zance tana da ma'auninta, duk bakan da ka buɗe kuma ka jarraba shi da 3 da 4 a gefen takarda.